Na Kai Kwalbata Murano Neman Asalinta

Kayan biyu sun shigo hannuna ne daga wani shagon gwanjo a Kano, irin shagunan nan da ake sauke musu tarkacen gidajen Turai a kwantena, tukwane da fitilu da agogunan bango duk a cakuɗe. Na farko kwalbar fure ce mai nauyi, tsawonta kamar taƙi ɗaya da rabi, an fere gefunanta kamar lu'ulu'u. Cikinta shuɗi ne, shuɗin yana lulluɓe da ruwan ɗorawa, sannan gilashi garau ya lulluɓe su duka, a kafaɗarta kuma akwai 'yar takarda mai ruwan azurfa da aka rubuta Murano a kanta, sunan wurin da ya shahara da sana'ar gilashi a Italiya. Na biyu kwano ne mai kauri, launin hoda da shuɗi, an jawo leɓunansa sama kamar fatar albasa, ba shi da takarda ko rubutu. Da na koma gida na shiga intanet, sai na ga hotunan kwalabe irin tawa sak a shafukan 'yan kasuwa, kusan kowace an jingina ta ga Flavio Poli, ɗaya daga cikin manyan masu zanen gilashi na Italiya a shekarun 1950. Shekara biyu na yi ina faɗa wa duk baƙon da ya shigo falona cewa aikin Poli ne, kuma babu wanda ya taɓa musa mini, domin babu wanda ya san ko wane ne Poli.

Da tafiya ta kama ni zuwa Italiya domin ziyarar ɗan ƙanwata da ke karatu a Padova, sai na naɗe kwalbar a tsohon rawani, na naɗe kwanon a tawul, na tura su tsakiyar akwati. Daga Padova zuwa Benis, wadda mutanenta ke kira Venezia, tafiyar kamar rabin sa'a ce a jirgin ƙasa. Mun taka daga tasha zuwa bakin ruwan Fondamente Nove, inda muka hau jirgin ruwan haya da suke kira vaporetto, muka wuce ta gefen San Michele, tsibirin da aka mayar maƙabartar birnin, cikin kimanin minti goma sai ga Murano. Tsibirai bakwai ne ƙanana da gadoji suka haɗa, kuma sana'ar gilashi ta taru a nan tun shekarar 1291, lokacin da mahukuntan Benis suka umarci a kwashe tanderu daga cikin birni saboda tsoron gobara. Wannan umarni ya kuma sauƙaƙa musu sa ido a kan gwanayen, domin kada su fita da sirrin sana'ar zuwa wata ƙasa, wato damuwa da masu kwaikwayo ta girmi duk wanda ke tsibirin da ɗaruruwan shekaru.

Mun sauka a tashar Colonna muka bi Fondamenta dei Vetrai, titin bakin ruwa da shaguna suka jeru a kansa. A nan ne gabana ya fara faɗuwa, domin takardar da nake tinƙaho da ita na ga 'yan'uwanta a kan kusan komai, daga dokin gilashi mai tsada har alewar gilashi ta Yuro biyu. Wasu shagunan sun manna sanarwa a ƙofa cewa ba sa sayar da kayan ƙasar Sin, abin da ya nuna mini cewa akwai masu sayarwa. Ɗan ƙanwata ya nuna mini wata takarda ta daban mai ɗauke da sunan Vetro Artistico Murano da lambar masana'anta, wadda dokar yankin Veneto ta kafa a shekarar 1994, ƙungiyar masu tanderu ta Promovetro kuma take kula da ita. Takarda ce mai amfani ga mai sayen sabon kaya, amma ba ta da abin da za ta ce game da kwalbar da aka hura shekara arba'in kafin a kafa ta. Hasali ma idan mutum ya gan ta a jikin abin da aka ce na 1955 ne, to ita kanta ta ƙaryata mai sayarwa.

Kafin mu nemi mai duba mana, na nemi mu shiga wani tanderu mu ga aiki da idonmu, kuma wannan ce shawarar da ta fi amfanata a duk tafiyar. Ana narka yashi da soda da farar ƙasa cikin dare a zafin da ya kai wajen digiri 1,400, da safe a sassauta wutar kaɗan a fara aiki, kuma wutar ba ta mutuwa dare da rana, wanda ya sa tashin farashin gas na ƙarshen 2021 ya tilasta wa masana'antu da dama kashe tanderunsu na wani lokaci. Gwanin, wanda suke kira maestro, yana zaune a kan benci mai hannaye biyu, mataimakinsa ya ɗebo narkakken gilashi a bakin dogon bututun ƙarfe, ja jawur kamar zuma a wuta. Ya hura, ya mirgina, sannan ya tsoma dunƙulen cikin tukunyar wani launi, ya sake mirginawa, ya sake tsomawa cikin garau. Wannan tsomawar ita ce sommerso, ma'anarta abin da aka nutsar, kuma ita ce sirrin launukan kwalbata. Da ya gama jikin, sai mataimakin ya kawo wani sandan ƙarfe mai ɗan gilashi a kansa ya manna a ƙasan kwalbar, aka karya ta daga bututun domin a gyara bakinta. Da aka gama aka ƙwanƙwasa sandan ya rabu da ita, sai ya bar tabo a ƙasa, wanda ni na sa wa suna cibiya, domin daidai yake da inda aka yanke jariri daga uwarsa. Daga nan kwalbar ta shiga wani tanderun mai sanyaya ta sannu a hankali, domin idan ta huce da gaggawa tsagewa za ta yi, kuma sai bayan ta huce ake kai ta wurin mai dutsen niƙa ya goge cibiyar ya sulɓe ta.

A gidan tarihin gilashi, wanda aka kafa a 1861 a tsohuwar fadar Giustinian, na tsaya fiye da yadda na yi niyya a gaban duwatsun wuya, saboda na gane wasu daga cikinsu. Irinsu na gani a adakar kakata. Benis ta ɗauki ƙarnoni tana aika wa Afirka ta Yamma da waɗannan duwatsu, kuma masana'antar duwatsun wuya ta Conterie da aka haɗe a 1898 tana maƙwabtaka da gidan tarihin. Mu ma ba baƙin gilashi ba ne, tunda Masagan Bida har yau suna narka kwalabe su yi awarwaro da tsakiya. Amma abin da ya kawo ni yana ɗakunan ƙarni na ashirin, inda ayyukan kamfanonin Venini da Barovier & Toso da Seguso suke. Na daɗe ina kallon siffofin da aka yi a zamanin Poli, wanda ya jagoranci zane a kamfanin Seguso Vetri d'Arte daga 1934 zuwa 1963, ya kuma ci lambar yabon zanen kaya ta Italiya, Compasso d'Oro, a 1954, shekarar da aka fara ba da ita. Siffofinsa masu santsi ne, kamar ɗigon ruwa ko ƙwaryar kumba, launi ɗaya yana kwance cikin ɗaya babu gargada. Ban ga mai feraren gefe irin tawa ba, amma na lallashi kaina cewa gidan tarihi ba ya iya baje komai.

Dattijon da aka kwatanta mana yana da ɗan shago a wani lungu nesa da hanyar masu yawon buɗe ido, kuma ya ce mahaifinsa ya yi aikin tanderu, shi kuma ya ƙare a sayen tsofaffin kaya da sayarwa. Ɗan ƙanwata ne tafinta. Na warware rawanin na miƙa masa kwalbar da takardar tana fuskantarsa, amma ko kallonta bai yi ba. Ya auna nauyinta a tafin hannu, ya kife ta, ya kai ƙasanta kusa da taga, ya ɗauko gilashin ƙara girma. Ya yi shiru har na fara jin kunya, sannan ya yi magana mai tsawo.

Yaron ya juyo ya ce, "Kawu, ya ce ku matso ku duba da kanku, wai tsufa a ƙasa yake zama."

Abin da ya nuna mini shi ne ƙananan karce-karce a daidai inda kwalbar ke taɓa tebur, wasu gajeru wasu dogaye, wasu masu zurfi wasu da ƙyar ake ganinsu, kowanne ya nufi inda ya ga dama. Ya ce haka shekaru ke rubutu, domin yau an ja kwalbar hagu a share ƙura, gobe an ja ta dama, wata rana an ajiye ta a kan marmara, wata rana a kan katako mai yashi. Mai son tsufar da sabon kaya kuwa samfefa yake sa wa, ko ya goga shi a kan siminti, sai karcen ya fito a jere, zurfinsa ɗaya, fuskarsa ɗaya, wani lokaci ma har cikin kwarmin da ba ya taɓa tebur ko kaɗan. Ya ƙara da cewa masana'antun Murano masu mutunci suna sulɓe ƙasan kayansu har ya yi sheƙi kamar madubi, alhali yawancin kwaikwayon da ake yi da gaggawa ana barin ƙasansu da dusu-dusu kamar an shafa gari, ko da yake ya gargaɗe ni kada in mayar da wannan doka, domin masu kwaikwayo ma suna karanta littattafan da masu tara kaya ke karantawa. Ya shafa gefunan da yatsa yana neman layin haɗi, wanda ke tona asirin abin da aka matse a mazubi mai ɓari biyu, bai samu ba.

Game da takardar, hukuncinsa gajere ne: ana buga irinta a kowace maɗaba'a, ana kuma ɓare tsohuwa daga fasasshen kaya a manna wa sabo. Takardar da ke da ɗan nauyi ita ce mai sunan masana'anta, wadda gefunanta suka ci, wadda datti ya taru a kewayenta, kuma ko ita sheda ce guda da ke buƙatar wasu shedu. Na tuna yadda mata a Kantin Kwari ba sa yarda da rubutun bakin atamfa shi kaɗai, sai sun murza ta sun juya bayanta, saboda mai kwaikwayon zane ba ya kasa kwaikwayon rubutu.

Daga nan ya raba mini tambayar da na zo da ita gida uku, alhali ni a ɗaya na ɗauke ta: a ina aka yi, yaushe aka yi, kuma zanen wa ne. A ganinsa kwalbata a Murano aka yi ta, kuma ta tsufa da gaske, wataƙila shekarun 1960 ko 1970. Amma sunan Poli, ya ce, sai in sauke shi. Irin waɗannan masu feraren gefe masana'antu da yawa a tsibirin sun yi su da ɗimbin yawa domin kasuwar waje, kuma gidan da aka fi sani da su shi ne Mandruzzato. Sunan Poli ya manne musu ne saboda shi ya ɗaukaka sommerso, sai wani ɗan kasuwa ya rubuta sunan, na biyu ya kwafa daga na farko, na goma ya kwafa daga na tara, har maimaici ya zama kamar hujja. Babu wanda ya hura kwalbata da niyyar yaudara. Shekaru bayan ta huce ne aka rataya mata sunan da ba nata ba, kuma ni ma na taya ratayawa a falona. A iya abin da na gani a wannan tafiya, irin wannan kuskure ya fi jabun gaske yawa nesa ba kusa ba, kuma ya fi wuyar kamawa, domin duk gwajin da aka yi wa gilashin zai ci shi.

Kwanon bai ɗauke shi minti ɗaya ba. Ya yi murmushi ya ce wannan baƙo ne, daga Cekoslobakiya ya fito, daga masana'antar Chřibská, irin siffofin da Josef Hospodka ya zana a shekarun 1950 da 1960; ya gane shi ne ta yadda launin hoda ke narkewa cikin shuɗi babu iyaka tsakaninsu, da yadda aka ja leɓunan, da faɗin ƙasansa. Ya ce kaya ne na kirki mai asalinsa, sai dai idan takardarsa ta ɓace 'yan kasuwa sukan kira shi Murano saboda sunan ya fi kawo kuɗi. Ya lissafa wasu masu kama da juna da ke rikita mutane: gilashin Jafan na shekarun 1960 da 1970, da na kamfanin Chalet a Kanada, da na garin Poços de Caldas a Barazil. Biyun ƙarshe su suka fi ba ni mamaki, domin gwanayen Murano ne da suka yi ƙaura suka kafa aikin a can, da hannunsu da dabarunsu, ta yadda mutum zai rasa ko kwaikwayo zai kira abin ko kuwa reshe.

Da ya ga ina rubutawa a littafi, sai ya jawo aljihun tebur ya fito da abin da ya kira makarantarsa, wato kayan da aka taɓa cutarsa da su yana saurayi. A ciki akwai kwano mai siffar hankici da aka riƙe ta tsakiya aka bar gefuna suka miƙe, wanda suke kira fazzoletto. Fulvio Bianconi da Paolo Venini ne suka fito da wannan siffa a ƙarshen shekarun 1940, a kamfanin da Venini, lauya daga Milan, ya kafa tare da Giacomo Cappellin a 1921. A ƙasan nasa an rubuta sunan Venini, amma rubutun na ƙarya ne. Ya bayyana cewa daga bayan yaƙin duniya na biyu zuwa tsakiyar shekarun 1960 kamfanin da asid yake buga hatiminsa, galibi layi uku, venini da murano da ITALIA, hatimi mai dishi-dishi wanda sai an karkata gilashin ga haske ake ganinsa. Daga baya aka koma rubutawa da tsinken lu'ulu'u, daga baya kuma aka riƙa ƙara shekara. Saboda haka rubutun tsinke a jikin abin da aka ce na 1950 ne abin tuhuma ne, haka ma hatimin da ya fito fari fat, haruffansa a kumbure. Wanda ke hannunsa gilashin ya yi kauri, naɗin ya yi tauri kamar an sa masa sitaci, zaren farin da ke cikinsa kuma wani ya matse wani ya buɗe. Ya tunatar da ni cewa kamfanin Venini har yau yana yin fazzoletto, don haka abu yana iya zama na Venini na gaskiya amma shekararsa biyar da fitowa daga wuta, kuma kamfanin Chance na Ingila ya yi nasa hankicin daga 1957 da shimfiɗaɗɗen gilashi da aka lanƙwasa a zafi, ba tare da ya ce na wani ne ba.

Na tambaye shi game da tocilan mai hasken shuɗi, irin wadda ake duba takardun kuɗi da ita, domin na karanta cewa tana raba gardama. Ya kashe fitilar shagon ya haska wani ƙaramin mazubin toka, sai ruwan ɗorawan cikinsa ya kama da kore mai ƙarfi, alamar an sa sinadarin yuraniyom a haɗin. Ya haska wani gilashi garau, ya ba da kore mai rauni, alamar manganis da ake sawa domin kashe launin yashi. Ya ce tocilan tana faɗin abin da ke cikin gilashi, amma ba ta faɗin shekara ko sunan gwani, tunda har yanzu akwai masu haɗa gilashin yuraniyom. Abin da ya fi yarda da shi, bayan ido da hannu, shi ne takardun masana'anta da tarihin mallaka: wa ya saya daga kamfani, wa ya gada, a hannun wa ya zauna. Da yaron ya fassara mini wannan sai na ce masa ai isnadi ke nan, kuma kwalbar da ta fito daga kwantena isnadinta a yanke yake tun daga tashar jirgin ruwa.

Washegari, bisa shawararsa, muka haye tsibirin San Giorgio Maggiore, inda Le Stanze del Vetro take, wurin baje kolin gilashi da aka buɗe a 2012 da nunin ayyukan da mai zane Carlo Scarpa ya yi wa Venini tsakanin 1932 da 1947. Shiga kyauta ce. A ɗakin littattafansu na ga manyan kundayen nune-nunen da suka gabata, cike da zanen tanderu na asali, kowace siffa da lambarta da launukan da aka yi ta da su. Sai a nan na fahimci yadda masana ke aiki: suna ɗora abin da ke hannunsu a kan zanen, idan siffar ba ta cikin kundin masana'anta, ko girman ya saɓa, ko an yi ta da launin da kamfanin bai yi amfani da shi a lokacin ba, to sunan ya faɗi ko da an rubuta shi da zinariya. Kundayen suna da tsada da nauyi, guda ɗaya kawai na iya saya, na Bianconi, kuma shi ya cinye sauran kilon da kamfanin jirgi ya ba ni.

A jirgin ƙasan komawa Padova yaron ya tambaye ni ko zan ɓare takardar azurfar tunda ta zama ba komai. Na ce a'a, domin a kan abin da ta faɗa ba ta yi ƙarya ba, Murano kawai ta ce, ni ne na ƙara sauran. Da na dawo Kano na mayar da kwalbar mazauninta, na ajiye kwanon a gefenta, na rubuta a kan wani ɗan kati abin da dattijon ya ce game da kowanne da ranar da ya faɗa, na tura katin ƙarƙashin kwanon saboda 'ya'yana. Makon da ya biyo baya na koma shagon gwanjon da gilashin ƙara girma a aljihu, na tarar an sauke sabuwar kwantena, mai shagon kuma ya tsaya yana kallona ina kife masa kaya ɗaya bayan ɗaya ina kai su bakin ƙofa wurin haske.